Sarƙar Itace a Wuyan Inayat

Ina shanya a kan soro na hango maƙwabcina Inayat tela a tsakar gidansa. Ya cire sarƙar itacen daga wuyansa yana ƙulla mata sababbin guntaye.

"Bhai Inayat, ɗan'uwana! Me nake gani haka?"

Ya ɗago. Idanu sun yi rawaya kamar kurkum, ciki ya kumbura har riga ta kasa rufe shi.

"Baji Zubaida, yayata, ke da idon mikiya! Don Allah rufa min asiri."

Mu nan Multan, mai ciwon shawara akan rataya masa sarƙar guntayen itace daga wurin mai magani. In tana ƙara tsawo, wai cutar fita take. Shi kuwa hantarsa ce ta ƙare. Likitocin Lahore sun ce sai dashe, 'yarsa Shagufta kuma ta yarda a yanki wani ɓangare na tata. Duk ranar da ta ce su tafi, sai ya nuna mata sarƙar: "Duba, ta kusa cibiya. Sauƙi na tafe."

"Ita kaɗai uwarta ta bar min," ya ce da ni a ranar. "In sa a tsaga ta saboda tsohon tela? In ba ta tashi ba fa?"

"In ka mutu, wa ka bar mata? Keken ɗinki?"

Ni ba a ba ni ajiyar irin wannan magana. Shagufta na dawowa daga makarantar da take koyarwa na tare ta a ƙofa, na faɗa mata abin da na gani. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ta ce, "Abba ji, ashe ni kake wa ɗinki? Tashi, mota zan kira."

A Lahore likita bai ɓoye mana komai ba. "Kun makara sosai. Ƙodarsa ma ta fara gajiya. Masu tsanani irin nasa, wasu na tashi bayan dashe, wasu ba sa tashi. Kin ji ni?"

"Na ji. A yi."

Ranar aikin na zauna a baranda tsakanin ƙofar ɗakin da ake masa aiki da ta ɗakin da ake mata. Duk ma'aikaciyar da ta gifta sai na miƙe. Tsoro nake ji ƙwarai, don bakina ne ya kwantar da yarinya mai lafiya ƙarƙashin wuƙa.

Ita ta farka. Shi kuwa zazzaɓi ya rufe shi, aka kewaye shi da na'urori. Sau ɗaya ya buɗe ido, da aka bar ni na shiga.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, har tana masifa wai shayinsu ba sukari."

"Halin uwarta ta ɗauko," ya ce, ya lumshe ido. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku aka sallamo ta. Na kai mata romo, na tarar da ita zaune bakin gado, ta dafe ɗinkin cikinta, tana kallon bango. Sarƙar na rataye a ƙusa saman keken ɗinki. Tsofaffin itacen sun bushe sun yi baƙi, waɗanda ya ƙara da hannunsa kuwa har yanzu ɗanyu ne.