Dabinon Ranar Sauka

"Sharhabil, je ka Babbar Kasuwa ka sayo mana dabino," in ji Malam Inuwa, yana gyara wuyan babbar rigarsa, bai ko dubi ɗan nasa ba. "Kada ka yi gaggawa, ka zaɓo mai kyau."

Sharhabil ya karɓi kuɗin da hannu biyu, yatsunsa duk jirwayen tawada ja da kore. Ya zura takalmi ya fita.

Mahaifiyarsa Harira ta ɗago daga bakin tukunya. "Malam, dabino kwali biyu ne a ɗaki."

"Na sani."

"Shekara huɗu ke nan kana yi masa haka. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai."

Yau ake walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Malam da ke Rigasa, ɗalibai tara za su karanta a gaban manyan malamai. Shi kuwa ɗan cikinsa, shekara goma sha bakwai, har yau yana izu na uku. Cewa yake haruffa yawo suke yi masa a kan allo. An yi duka, an yi rubutun sha, an kai shi asibitin ido, shiru. Abu ɗaya hannunsa ya iya: zayyana, adon da ake yi wa allon mai sauka. Allunan nan tara duk shi ya ƙawata su, wata guda yana duƙe a kansu. Amma fa malamai ba sa ganin ɗan malami su ƙyale, sai sun tambaya, "Izu nawa?" Wannan tambayar Malam yake gudu, shi ya sa dabino yake ƙarewa duk ranar sauka.

Da hantsi aka cika rumfa. Wani tsohon alaramma da aka gayyato daga Zariya ya karɓi allon ɗalibi na farko, ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana bin zanen da yatsa.

"Kai, tabarakallah! Rabona da ganin hannu irin wannan tun malamina na da rai. Wa ya yi?"

"Wani yaro ne a unguwa," in ji Malam Inuwa. Amsar da ya saba bayarwa ke nan.

"To, ka gaishe mini da mahaifinsa. Ka ce masa Allah ya yi masa baiwa, ya riƙe ta da kyau."

Malam ya ce to. Ɗalibi ya fara karatu, amma ko harafi ɗaya bai shiga kunnensa ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Can sai ya miƙe, ya ce wa mataimakinsa ya ci gaba, ya bar baƙi da baki buɗe ya tari Keke Napep.

A layin masu dabino ya hango Sharhabil, zaune a kan benci, leda a cinya, yana zane a ƙasa da tsinke. Mai dabinon ya riga shi magana.

"Malam, ɗanka ne? Ai duk shekara nan yake zama. Tun da safe yake gama sayayya, sai an kira la'asar yake tashi. Ko abinci ba ya ci."

Sharhabil ya miƙe da sauri, ya goge zanen da ƙafa.

"Baba, lafiya? Har sun watse?"

Ashe ya sani. Shekara huɗu yaron nan ya sani, bai taɓa cewa uffan ba. Malam ya dafa teburin mai dabino.

"Ba su watse ba. Taso mu tafi, akwai mai son ganinka."

Sharhabil ya dubi yatsunsa, ya ɓoye su a bayan leda.

"Za su tambaye ni izu, Baba. Bari in ƙara jira kaɗan, ba na gajiya."

Hawaye suka gangaro cikin gemun Malam, a tsakiyar kasuwa, bai share ba. Ya karɓi ledar, ya kama hannun nan mai tawada ya riƙe gam.

"In sun tambaya," ya ce, "ni zan amsa."