Sunan 'Yar Tsana a Ajin Malama Tahani

Ku yi mini afuwa da wannan karambani. Ni mai karanta na wasu ce, ban taɓa rubuta nawa ba. Amma labarin Rauda ya ƙi barina in zauna lafiya.

Rauda shekararta biyar, kuma a ajin Malama Tahani, a makarantar rainon yara da ke bayan kasuwar kifi a garin Dumyat na ƙasar Masar, babu mai bakinta. Ita ke gyara wa 'yan aji waƙa, ita ke kai ƙarar duk wanda ya gutsiri burodinsa kafin lokaci. Kwatsam sai ta koma tsotsar yatsa. Magana sai gwaranci. Takan zazzage kwandon kayan wasa, ta shige ciki ta dunƙule.

Sitt Afaf, shugabar makarantar, ta ce dama an yi gaggawar hawar da ita ajin manya, don haka ranar Lahadi a mayar da ita ajin ƙanana. Tahani ta san in aka yi haka, Rauda ba za ta shiga firamare bana tare da ƙawayenta ba. Ta roƙi a ba ta zuwa Alhamis.

"Ke da littattafanki na kwaleji," in ji Sitt Afaf. "'Yata, ina rainon yara tun kina rarrafe. Je ki gwada."

Da aka tashi, Tahani ta tare Hajiya Ni'imat, kakar yarinyar, a bakin ƙofa, ta tambayi lafiyar gida. Tsohuwar ta ce ai sai godiya, an yi wa Rauda ƙane. Tana dariya ta ba da labarin ranar suna: bisa al'adar can, an kwantar da jariri a cikin wata rariya da aka ƙawata, ana girgiza shi, ana buga turmin tagulla kusa da kunnensa ana yi masa nasiha, yara na zagayawa da kyandir. Ana ɗauke shi sai Rauda ta haye rariyar ta miƙe, har ta ɓarka ta. Mata suka yi ta shewa, uwar ta make ta.

Tahani ba ta yi dariya ba. Ta gane ba ƙwaƙwalwar yarinyar ce ta ja baya ba. Rauda ta ga inda idon gidansu ya koma ne, ta bi shi can.

Ranar Alhamis Tahani ta zo da turmin mahaifiyarta, da rariya, da ƙullin gugguru. Ta ce wa yara yau sunan 'yar tsana za a yi. Tana ajiye rariyar, Rauda ta rarrafo za ta shige.

"Nan wurin wanda bai iya komai ba ne, sai kwanciya," in ji Tahani. "Ni babbar yaya nake nema, wadda za ta iya ɗaga wannan."

Ta miƙa mata taɓaryar tagullar. Da nauyi, hannu ɗaya ba ya ɗaga ta. Rauda ta dubi taɓarya, ta dubi rariya, ta daɗe a tsugune. Can ta zare yatsa daga baki, ta kama da hannu biyu.

Ta buga, aji ya amsa. Ta sake bugawa, sannan ta duƙa kan 'yar tsana da muryar kakarta sak.

"Ki ji maganar mamanki. Kar ki ji ta babanki. Ki ji maganar yayarki Rauda, kuma kar ki kuskura ki taɓa mata fensir."

Ƙarar ce ta kawo Sitt Afaf bakin ƙofa. Ta tarar Rauda ta jera yara layi, tana raba gugguru, tana faɗa wa wani yaro, Mazin, cewa ya karɓa sau biyu, ta gan shi. Shugabar ta tsaya kallo, ta tsuke baki don kada dariya ta kubce mata.

"Wannan in na kai ta ajin ƙanana ai sai ta kori malamarsu," ta ce. "Bar ta nan."

Tahani ta roƙi Hajiya Ni'imat a riƙa ba Rauda aiki a kan jaririn, ko da miƙo tawul ne. Yatsan bai bar baki gaba ɗaya ba, yakan koma in barci ya zo. Kwandon dai kayan wasa ne kawai a cikinsa yanzu.

Tunda hankalin kowa na kan gugguru, bari in ɗauki takalmana a hannu in sulale.