Rezar Malam Labaran

"Miƙo ta nan," in ji Malam Labaran daga kan shimfiɗa, muryarsa da ƙyar take fita.

Jibril ya miƙa masa babbar rigar. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Wudil, kuma tun yana saurayi yake ɗinki a shagon Malam. Bai taɓa gama aiki rezar Malam ba ta bi ta kai ba. Ko zare ɗaya ya karkace sai an farke, shi ya sa maɗinka suka yi ta zamewa, har da Halliru, saura shi da Gwadabe. Shi ma Jibril ya gama yanke shawara: in aka farke wannan, ya bar shagon.

Rigar wani sabon kansila ce, da ita za a rantsar da shi tunda sojoji sun sauka. Ciwo ne ya tilasta Malam barin aikin a hannun wani.

Idon Malam ya yi rauni, sai ya bi aikin wuyan da yatsa. Ya tsaya daidai inda zaren ya kauce, ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro reza. Kai, Malam! Har kan gadon jinya.

Ya daɗe riƙe da ita. "Jibirin, ina Halliru yanzu?"

"Yana Kano, Malam. Ya buɗe nasa shagon."

"Hannunsa ya fi nawa. Ban taɓa gaya masa ba." Ya danƙa wa Jibril rezar. "Kai wa mai riga rigarsa. Ta yi kyau."

"Malam, ai akwai inda..."

"Na ji shi. Na ce ta yi kyau."

Jibril ya fito zaure ya yi kuka sosai. Kalmar da ya yi ta jira ce, sai da ta zo ya gane sallama ake yi masa.

Ranar Juma'a, motocin shanu na ta wucewa kasuwa, Hansai matar Malam ta aiko cewa rai ya yi halinsa. Aka kawo farin yadi, maɗinkan biyu suka zauna ɗinkin likkafani. Ɗinkin Gwadabe ya tafi a karkace. Jibril ya gani, har hannunsa ya kai aljihun da rezar take. Gwadabe ya tsaya cak, ya sunkuyar da kai yana jira.

"Ci gaba, Gwadabe. Ya yi kyau."

Allurar ta ci gaba da tafiya a cikin farin yadin, rezar na kwance a aljihu.