Ƙarfen Tashar Kanya

Rana ta take tsaka, kujerun da aka aro daga firamare suna nan a jere gaban tsohuwar tashar jirgi ta Kanya, babu kowa a kansu sai tsofaffi huɗu, sai wata akuya da ta samu inuwa a ƙarƙashin tebur. Ranar ƙaddamar da gidauniya ce. Baba Isyaku, wanda ya shekara talatin yana aiki a tashar kafin jirgi ya daina zuwa, ya sa tsohon kakinsa da ya koɗe, yana tsaye yana duban hanyar Kano.

Shi da abokan aikinsa na da ne suka ƙudura mayar da ofishin tashar ɗakin tarihi, don jikoki su san an taɓa yin jirgi a garin nan. Sawu uku ya yi kasuwar Dawanau yana raba takardar gayyata ga fataken da a da jirgi ke ɗaukar musu gyaɗa da wake. Kowa ya ce in sha Allahu. To amma shekarun tsuke bakin aljihu ne, kowa ta kansa yake yi. Ƙarshenta mutum ɗaya ne ya aiko direbansa da gwangwanin fenti biyu da gaisuwa mai yawa.

Sammani, maƙwabcinsa a gida da gona, shi ya ɗauko kujerun, shi kuma zai mayar.

"Baba, a kwashe ne?"

"Ƙara musu kaɗan," in ji tsohon. "Jirgi ma da yake jirgi ana yi masa uzuri."

Ba wanda ya ƙara zuwa. Da la'asar ta ƙarato tsofaffin suka shiga duba kayansu, kamar dai ba su suka jera su ba: fitilar hannu mai gilashi ja da kore, wadda Baba Isyaku ya goge da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido, da tutoci biyu, da akwatin tikiti, da hular shugaban tasha da asu ya ci bakinta. Abu ɗaya ne babu. A reshen kanyar da ke ƙofar ofis wata waya tana reto, ba komai a jikinta. Nan ne ƙarfen tasha yake rataye a da, wani faifan ƙarfe mai kauri da Baba Isyaku ke bugawa. Bugu uku, jirgi na tafe. Bugu ɗaya, jirgi ya tashi. Da shi mata ke sanin lokacin fito da fura, da shi manoma ke sanin hantsi ya yi. Bayan shekarar fari aka wayi gari babu shi.

Malam Tasi'u, ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ce, "Isyaku, mu rataya wilin mota mana, yadda ake yi a makarantu. Wa zai gane?"

"Ni zan gane. A bar wayar haka. Ƙarfen bai bar garin nan ba, wanda ke riƙe da shi zai kawo."

Sammani ya sunkuya ya haɗa kujeru huɗu a ka ya yi gaba, ko juyowa bai yi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shi ya ɗauke ƙarfen. A shekarar fari ya sayar da akuyarsa, ya sayar da garmarsa, duk don kwanon gero. Da ruwa ya dawo, ga gona, ga yara, babu abin huɗa. Wata ranar kasuwa da gari ya yi tsit, ya kwance ƙarfen ya sa a buhu ya kai wa Ɗanliti maƙeri a ƙauyen gaba. Ɗanliti bai tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Garmar da ta fito kuwa ba a taɓa yin irinta ba, shekara tara tana cin ƙasa bakinta bai lanƙwashe ba.

Shi ya sa da aka fara aikin tashar ya riga kowa. Shi ya hau ya toshe rufi, shi ya kwashe kashin jemagu, shi ya yi yaɓe. Mutane suna ta sa masa albarka, kowace albarka kuwa sai ya ji ta kamar an ɗora masa dutse. Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa, sai kunya ta hana shi. Ga wani abin kuma: in ya mayar da garmar, da me zai yi huɗa? Ƙarfe ya yi tsadar da talaka sai dai ya kalla.

Damina ta sauka, sauran tsofaffin kowa ya koma gonarsa. Baba Isyaku kaɗai ya rage. Kullum da hantsi Sammani zai hango shi daga gona, yana bin gefen dogo da gwangwanin fenti a hannu, ciyawa ta kai masa gwiwa. Ya buɗe ofis, ya share, ya zauna a ƙofa, ko wani zai zo kallo. Ba mai zuwa. Wata rana ruwa ya tare shi a kan tsani yana fentin allon sunan tasha, ya ƙi saukowa sai ya kai rabi. Sanyi ya shige shi a ƙirji, ya kwanta.

Kwana na shida, Sammani na cikin huɗa, ya ji muryar Inna Turai, matar tsohon, ta kan danga.

"Sammani, Malam na kira. Jikin fa ya yi nauyi."

Ya saɓa garmar ya taho. A ƙofar soro ya buga ta a kan dutse don laka ta zube, yadda ya saba, sannan ya jingine ta. Bai kai ga yin sallama ba ya ji murya daga ciki, a shaƙe.

"Shigo, Sammani."

Tsohon na kwance a tabarma an tokare shi da filo, kakinsa rataye a ƙusa, ga kwanon kunu da ba a taɓa ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Sammani ya durƙusa ya yi masa sannu.

"Na kira ka ne mu yafi juna," in ji Baba Isyaku. "Gona da gona, katanga da katanga, ba a rasa saɓani. In na taɓa ci maka iyaka, ko awakina sun yi maka ɓarna, ka yafe ni."

"Ba ka yi min komai ba, Baba." Sammani ya san in ya fita daga soron nan da maganar a cikinsa, da ita za a binne shi. "Ni ne dai. Baba, ƙarfen nan na tasha..."

"Yana ƙofa. Na ji ka jingine shi."

Sammani ya ɗago kai.

"Tun daminar farko na sani. Ka bugi dutsen kan iyakarmu, ina duƙe ina cirar ciyawa, ban san sa'ad da na miƙe ina duban hanyar jirgi ba. Shekara talatin ina bugun ƙarfen nan. Ko maƙeri ya mayar da shi allura zan gane muryarsa."

"To me ya hana ka magana, Baba? Shekara tara."

Tari ya sarƙe tsohon, sai da ya lafa sannan ya ce, "Yaranka nawa a lokacin? Ƙarfe a jikin bishiya ba ya cika rumbu." Ya ɗan murmusa. "Kuma in gaya maka gaskiya, har da son kai. Jirgi ya daina zuwa, mutane sun daina zuwa. Kai kaɗai ka rage kana buga min shi duk damina. Da na karɓe, a ina zan riƙa ji?"

Hawaye ya zubo wa Sammani, bai share ba. Tausayin tsohon ya fi kunyar ciwo.

"Ka yafe ni, Baba."

"Nawa na yafe tun ranar. Amma ƙarfen ba nawa ba ne, na tasha ne. In ka gama huɗa ka mayar. Ka ji abin da na ce? Sai ka gama. Kada ka bar gero a ƙasa saboda ni."

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Baba Isyaku ya cika. Aka yi masa sutura kafin azahar. Sahu biyu ne a jana'izar, don damina ce, mutane na gona. Da aka bi da makara ta gefen tashar, Malam Tasi'u ya dubi allon da aka yi wa rabin fenti, ya kau da kai.

Sammani ya koma huɗa. Ya gama tasa a kwana huɗu. Sannan ya tsallaka iyaka ya shiga gonar mamacin, wadda ciyawa ta fara cinyewa, ya huɗe ta kunya kunya har ƙarshe, shi kaɗai. Duk sa'ad da garmar ta ci karo da dutse sai ya dakata.

Ranar da ya gama, da la'asar, ya wanke garmar a kududdufi, ya zauna gindin kanya ya fitar da ruwan garmar, wato ƙarfen, daga ƙota. Bakin ya cinye, ya zama rabin abin da yake a da. Bai san da me zai yi huɗar baɗi ba, bai kuma tsaya tunanin ba. Ya taka tsanin da tsohon ya bari, ya ɗaure ƙarfen a jikin wayar. Ofis na kulle, babu kowa a filin tashar, ciyawa ta rufe dogo har inda ido ya tsaya.

Ya ɗauki dutse ya buga sau ɗaya.

Ƙarar ta bi ta kan gonaki. Can a gidan Baba Isyaku, dakan da ake yi ya tsaya. Sammani ya tsaya riƙe da ƙotar da babu ruwa, ƙarfen na juyawa a hankali a jikin waya. An daɗe kafin taɓarya ta sake sauka a turmi.