Allon Shagon Baba Lasisi

Tun daga unguwar Dilimi Baba Lasisi Ayinla ya ɗauko sabon allon shagonsa a ka, fenti bai gama bushewa ba, har ya shafa masa shuɗi a hula. Shi a zatonsa, in an je ofishin rajistar sunan kasuwanci, allon ake miƙa wa akawu ya buga hatimi. Wa zai gaya masa ba haka ba ne? Tsohon nan in ya kafe, sai dai a bar shi.

'Yarsa Sikirat na biye da shi, ta ƙudundune cikin mayafi saboda sanyin Jos. Shekara bakwai ke nan da idon Baba ya yi rauni, ita ke awo, ita ke yanka, ita ke taka keken ɗinki. Kakin da masu gadin wani kamfanin kuza ke sawa duk daga hannunta ya fito. Yanzu kamfanin ya ce sai shago mai takardar rajista zai ci gaba da ba aiki. To, ji abin da Baba ya sa aka rubuta a allon da Turanci: Lasisi Ayinla da 'Ya'yansa Maza. Alhali ko ɗa namiji ɗaya Allah bai ba shi ba! Abin ya ƙona wa Sikirat rai. Ta riga ta ƙudura, ranar da allon nan ya hau ƙofar shago, ranar za ta bar aikin.

Akawun, wani siririn saurayi mai suna Ambrose, ya dubi allon da aka jingine masa a tebur, ya danne dariya.

"Baba, ba allo muke so ba, takarda ake cikewa. 'Ya'yan naka maza su nawa ne? Zan rubuta sunayensu."

Baba ya gyara murya. "Oga, ai haka kowa ke rubutawa. Je ka layin masu shaguna ka gani. Ado ne na sana'a."

"A can ado ne, a nan magana ce. Babban namu ba ya sa hannu a sunan da zai ruɗi jama'a. Ko jiya sai da na mayar da wani mai burodi da ya laƙa wa shagonsa sunan gwamnati. Takardar nan tana tambaya, su wa ke da shagon?"

Amma Baba bai saduda ba. Ya ce ƙaninsa na da samari uku a Ogbomosho, ɗan ƙani kuwa ai ɗa ne, a rubuta su.

"Ba laifi," in ji Ambrose. "Su zo su sa hannu. Amma ka sani, wanda aka rubuta, shi doka ta sani. Gobe in ya ce keken ɗinkin nasa ne, nasa ne."

Nan haƙurin Sikirat ya ƙare. Ta kwance bakin zane, ta ciro mabuɗin shago, ta durƙusa kamar yadda 'yar Yarbawa ke yi wa uba, ta ajiye wa Baba a tafin hannu.

"Baba mi, ga shi. Ka aika musu. Allah ya sa sun iya zira zare a allura."

Mutanen da ke layi kowa ya kau da kai, wai bai ji ba, kunnuwa kuwa a miƙe. Baba ya daɗe yana juya mabuɗin. Samarin nan uku, rabonsa da su tun suna yawo ba wando. Wannan da ke durƙushe kuwa, ita ta kan sa masa almakashi a hannu in baƙi sun shigo, don kada su gane ba ya gani. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Ashe abin nema yana cikin aljihu.

"Oga," ya ce a hankali, "doka ta hana mace?"

"Ba ta hana ba, Baba."

"Wani ya riga mu ɗaukar sunan Lasisi da Sikirat?"

Ambrose ya jawo wani ƙaton littafi, ya bi layuka da yatsa, shafi bayan shafi. Can ya rufe.

"Babu. Ku ne na farko."

Aka cike takarda. Baba ya dangwala babban yatsa, Sikirat ta karɓi alƙalami ta rubuta sunanta. Ambrose ya karanta musu sunan, ya ce su dawo ran Laraba. Baba bai motsa ba.

"Sake karantawa, ɗana," ya ce. "Ɗaga murya, na bayan layi ba su ji ba."