Jar Mota Ta Ƙi Tashi

Tun da aka buɗe filin gasar ƙawata motoci, Mai Fenti bai matsa daga jikin jar motarsa ba. Har fitsari ya riƙe. Ya shimfiɗa madubi a ƙarƙashinta don alƙalai su ga cikinta ma sheƙi yake yi, ya tsaya da tsumma a kafaɗa yana bin hannun kowa da ido. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Dogo, mai garejin da ke kallon nasu, don sai zuwa yake yana leƙa injin yana murmushi.

"Maigida, wannan mota ce ko amarya?" in ji Dogo.

"Ko mece ce, kalla da ido. Hannu a aljihu."

Da yamma aka faɗi sakamako: Mai Fenti na ɗaya, Dogo na biyu. Sai dai dokar gasar ita ce kowa ya tuƙo motarsa zuwa gaban alƙalai ya karɓi kofi. Wadda ta ƙi tashi, kofinta na mai bi mata ne.

Mai Fenti ya janye madubi, ya shiga, ya murɗa makulli. Mota ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ko tarin ma babu. Ya hango Dogo ya harɗe hannu, babu alamar mamaki a fuskarsa. Ya fito a fusace.

"Me ka taɓa mata?"

"Ni? Kana kwance a kanta kamar kaza kan ƙwai, ta ina zan taɓa?"

Jama'a suka bushe da dariya. Sai Auta, ƙanensa kuma bakaniken garejinsu, ya ja masa riga.

"Yaya, rage murya. Babu mai a ciki."

"Wa ya zuƙe?"

"Kai ka sa. Da safe da ka ga tiyo na ɗiga kan madubi, ka ce a zuƙe tas a jarka, in an gama dubawa a mayar."

"To ina jarkar?"

"Tana gareji. Ka ce za ta ɓata wurin."

Alƙali ya jira, ya gaji, ya yafito Dogo. Dogo ya karɓi kofi, ya biyo ta gabansu a hankali yana danna hon, ya ɗaga musu kofin ta taga. Auta ya fara ɗaga wa Dogo hannu, sai ya wayance da sosa ƙeya.

Mai Fenti ya ƙura wa ƙanensa ido. Wannan Autan, ko noti ɗaya bai taɓa mantawa a aiki ba.

"Yaushe ka tuna da man?"

"Yanzun nan, Yaya."

"Yanzun nan."

"Wallahi."

Mai Fenti ya ninke tsummansa, ya miƙa hannu.

"Ba ni makullin gareji. Ka je Dogo ya ba ka nasa."