Awon Umma

Tun ranar da Auta ta kawo maganar tafiya kan duwatsu da keke, Umma ta ce da ita za a je, kuma ko sau ɗaya ba ta janye ba. Auta ce ƙaramar 'yarta. Ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, da zarar hutun nan ya ƙare kuma za ta tashi. Tafiyar ta 'yan kwanaki ce, ita da abokanta, daga wannan masauki zuwa wancan, a hau tudu a gangara kwari. Umma ta san idan kwanakin nan suka wuce ta, sai dai murya a waya, sai fuskar da ke daskarewa a gilashi duk lokacin da sabis ya yi rauni.

Ƙarfin ƙafa dai ba a magana. Shekara da shekaru Umma ke zuwa gidan burodin da take aiki a kan keken marigayi mijinta, wani baƙin basamude mai kariyar ɗaukar kaya a baya, wanda idan ya faɗi sai an yi masa gayya kafin ya tashi. Da shi ta kai yara makaranta, da shi ta sha ɗauko buhun fulawa. Amma Auta ta ce wannan ba zai hau dutse ba, sai dai dutsen ya hau shi. Keken titi ake bukata, marar nauyi, mai siraran tayoyi da giya mai yawa, mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. Ta ce ita za ta saya, aikin Umma kawai ta zaɓa.

To, a nan gizo ke saƙar. Umma ba ta taɓa sayen abu daidai jiki ba. Takalmin yaro sai ta ƙara lamba, a cusa auduga a gaba. Rigar makaranta sai an naɗe hannu kafin a ga yatsu. "Za ka girma a ciki," in ji ta. Abin da ta saya wa kanta kuwa, da mutanen gida take auna shi. Laimarta tana rufe mutum uku, rigar sanyinta tana shiga Yaya, babban ɗanta, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin.

Shi ɗin take ta kallo kwanakin nan. Kullum yana takawa a ƙasa zuwa tashar bas, ga 'yarsa kuma tana ta miƙewa kamar rake. Umma ta ce a ranta, kwana kaɗan zan hau abin nan, daga nan fa? A jingine shi a bango tsatsa ta ci?

Shagon kekunan dogo ne, ƙunci gare shi, yana warin roba da man kaca. Kekuna rataye a sama kamar jemagu. Mai shagon wata siririyar mace ce mai tsohon tabo a gwiwar hannu, da ƙyalle mai maiƙo saƙale a ƙugu.

"Mama, ke ce mai hawa dutsen?"

"Da wa kika zata? Wannan 'yar da ko matakalar bene sai ta huta a tsakiya?"

"Kai, Umma!" in ji Auta.

Umma ta wuce su, ta je ta dafa wani shuɗi dogo da ke tsaye a kusurwa. "Wannan ya yi."

"Ya yi kyau," in ji mai shagon, "amma keke irin wannan ba a zaɓarsa da ido. Kamar takalmi yake, sai an auna. Cire naki ki jingina da bangon can."

A jikin bangon akwai zanen awo. Umma ta tuɓe takalmi ta jingina. Daidai nan wayar Auta ta yi ƙara, mutanen sabon wurin aikinta ne, ta fita bakin ƙofa tana amsawa. Umma ta dubi shuɗin keken, ta dubi doguwar rigarta da ke share ƙasa. A hankali, kamar mai leƙen tukunyar maƙwabta ta kan katanga, ta ɗaga dunduniya ta tsaya a kan yatsu. Riga ta rufa mata asiri.

Mai shagon ta ɗora katako a kanta ta duba. Ta sa ta miƙa hannu, ta auna, ta sake duba bango.

"Ikon Allah. Mama, ke doguwa ce, amma hannunki gajere ne."

"Haka danginmu suke," in ji Umma, ƙafarta na rawa a ƙarƙashin riga.

Awo ya ce shuɗin, aka sauko da shuɗin. Aka sa mata hular kwano, ta tattare riga ta ɗaure a ƙugu bisa wandon da Auta ta sa ta sako, aka fita filin bayan shago. Filin ɗan gangare ne kaɗan, a ƙarshensa an tara tsofaffin tayoyin mota.

Da ta taka feda sai ta ji kamar an cire mata dutse daga ƙafa. Keken ya tafi kamar ba ya taɓa ƙasa. Har ta fara murmushi. Sai dai kan keken ya yi mata nisa, ta miƙe a kansa kamar mai shanya, kafaɗunta sun ɗaure. Da tayoyin suka matso ta nemi birki. A basamuden mijinta birki yana nan ƙarƙashin yatsa, ko a barci za ta same shi. A nan kuwa kan yatsunta ne kawai suka shafi ƙarfen, suka zame. Ta sake miƙawa, suka sake zamewa.

Ba wata babbar faɗuwa ba ce. Keken ya daki tayoyi ya kwanta, Umma ta zauna daɓas a cikin wata tayar babbar mota, ƙafafu a sama, hula ta rufe mata ido ɗaya.

Auta ta iso a guje, waya a ƙasa can baya. Ta shafa gwiwa, ta shafa wuyan hannu, ta juya fuskar uwarta nan da can. Da ta ga babu jini sai ta miƙe tsaye.

"Shi ke nan. Ba za ki je ba."

"Ke, tuntuɓe ne."

"Tuntuɓe? Umma, a bayan shago ke nan. Can gangaren sai ki yi ta sauka ba ki ga ƙarshensa ba, gefe guda dutse, gefe guda rami. Idan hannunki bai kama birki ba, wace taya ce za ta tare ki? Na fasa. Gara in tafi kina jin haushina a waya."

Umma ta dube ta daga cikin tayarta. Ta san muryar nan. Irin tata ce, ta ranar da ta ce a'a kuma babu roƙon da zai motsa ta.

Mai shagon ta ɗaga keken tana juya kai. "Ni abin ya ɗaure min. Awon bai taɓa yi min haka ba. Mama, ko mu sake?"

Auta ta dubi mai shagon. Ta dubi dogon keken, wanda sirdinsa ya kusa kai ƙirjin uwarta. Sai ta dubi Umma, wadda ta shagala da kakkaɓe rigar da babu komai a jikinta.

"Umma. Ɗage kika yi."

"Wa ya gani?"

"Don Yaya, ko?"

"Yaron nan kullum a ƙasa yake tafiya. Ga 'yarsa. Abu mai kyau haka, a ce mutum ɗaya..."

"Yaya yana da albashi, Umma, kuma ya san hanyar shagon nan. Ni na gama firamare da takalmin da sai na ja shi kamar jirgin ruwa, ban ce komai ba." Ta yi dariya, idonta ya cika da ruwa. "Ba Yaya nake so a kan dutsen nan ba. Ke nake so, kuma ki sauko da ƙafarki."

Suka koma ciki. Wannan karon Auta ta durƙusa a gaban bango, ta sa hannu biyu ta danne dunduniyar uwarta a kan siminti. Ƙafafun ƙanana ne, sun yi kanta saboda tsayuwa gaban tanda, sun cika tafin hannunta da ƙyar. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta miƙe sai ta ga kan Umma iyakarsa haɓarta.

"Yaushe kika koma 'yar haka?"

"Ke ce kika yi ta tsawo ba ki yi sallama ba."

Mai shagon ta hau tsani ta sauko da mafi ƙanƙanta a jerin, mai ruwan toka, ba wani ado. Ta rage sirdi, ta sa ɗan makulli ta matso da hannun birki kusa da mariƙi, ta kama yatsun Umma ta ɗora su a kai tana gwadawa har sai da gaɓa biyu suka naɗe ƙarfen.

Umma ta ƙare masa kallo. "Wannan ai ko jikata ba zai yi mata ba baɗi. Babu wanda zai iya hawansa a gidanmu."

"Babu," in ji Auta.

"Sai ni kaɗai."

"Sai ke kaɗai. Amma ban ce kin ci ba tukuna."

A gefen shagon akwai titin da ke sauka zuwa wata gada, ba motoci sosai. Auta ta gangara har tsakiyarsa ta tsaya jikin falwayar fitila. Ta ɗaga murya ta ce idan Umma ta tsaya a gabanta, ba gaba ba baya, to a haɗa kaya.

Umma ta hau. Bayanta ya zauna, kafaɗunta suka saki, hannunta ya faɗa inda ya kamata ba tare da ta nema ba. Ta saki keken. Iska ta shiga ta ƙarƙashin hula tana kaɗa bakin ɗankwalinta, shaguna suna wucewa, 'yarta tana ƙara girma a gabanta, hannu biyu a kan baki. Ta matsa birki a hankali kamar mai gwada nunar kwaɓi, keken ya amsa. Ta ƙara matsawa. Tayar gaba ta tsaya dab da takalmin Auta, Umma ta sauke ƙafa ɗaya a ƙasa.

Auta ta rungume ta da keken da hular gaba ɗaya.

"Sake ni, za ki kayar da tsohuwa a titi," in ji Umma, amma ba ta ture ta ba. Can ta ce, "Dutsen naku ya fi wannan tsawo?"

"Nesa ba kusa ba."

"To matsa. Bari in ga yadda abin nan ke hawa."

Ta juya kan keken sama. Daga bakin shago mai shagon na ƙwala mata kira ta sauya giya, ta danna ƙaramin ƙarfen na hagu. Umma ta danna, kaca ta yi ƙas, feda ta yi laushi. Ta fara hawa, Auta na biye da ita a ƙasa tana haki.